Martani: A Tozai Har Yanzu Faifan Yana Juyawa

Malam marubuci, na karanta rubutunka har sau biyu, wanda a ciki ka ce tsoron motsa kwamfutar tafi-da-gidanka tana kunne camfi ne irin na tsofaffin akawuna. Ka ce sunanta ma ya isa amsa, don a ɗauka aka yi ta. Ka ce kwamfutocin yanzu ba su da wani abu mai juyawa a cikinsu, waɗanda ke da shi kuma an sa musu na'urar da ke kare su idan za su faɗi. Ka rufe da cewa shekara da shekaru kana yawo da taka a buɗe daga ofis zuwa ɗakin taro, ko ciwon kai ba ta taɓa yi ba. Ban ƙaryata ka a ko ɗaya ba. Amma da na kai ƙarshe sai na tambayi kaina, wai wannan bawan Allah da wa yake magana? In da mutanen Tozai yake, to ya ba su shawarar da za ta cinye musu jari.

Tozai ɗaya ce daga mazaɓun ƙaramar hukumar Illela, a bakin iyakarmu da Nijar, inda Ƙonni take tsallake kaɗan. Da yawa daga dattawanmu sun fara ganin kwamfuta ido da ido ne a watan Janairun 2011, lokacin da hukumar zaɓe a ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta baza na'urorin rajista 132,000 a faɗin ƙasa, kowacce da kwamfutarta da kyamara da wurin dangwala yatsa. Yau kuwa ta zama kayan sana'a kamar keken ɗinki. Akwai masu turi, waɗanda ke tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi da wa'azi a waya. Akwai masu cike wa ɗalibai fom. Akwai mai hoton biki da suna. Tun da aka ce a haɗa layin waya da lambar NIN a watan Disamban 2020, ga kuma masu bin ƙauyuka da jaka a baya suna yi wa mutane rajista. Je ka duba abin da ke hannunsu. Kwance ne, 'yan gwanjo, HP da Dell da Lenovo waɗanda suka gama bautar wani ofis a Turai ko Amurka, suka biyo ta Legas ko Kwatano, suka yada zango a Kano ko Sakkwato kafin su iso gare mu. Ka kara kunnenka a jikin irin waɗannan, za ka ji wani ɗan gurnani siriri. Faifan ajiya ne, wanda masu gyara ke ce wa had-dis, yana ta juyawa. Abin da kake ba da labarinsa kamar tarihi, mu shi muke ci da shi.

Wanda ya taɓa ganin garmaho ya riga ya ga rabin abin. Faifai ne yana juyawa, da hannu mai ɗauke da allura yana kai da komowa a kansa. Bambancin shi ne allurar garmaho tana taka faifanta, ta kwamfuta kuwa an haramta mata taɓawa. Iskar da juyawar ke tayarwa ita ke ɗage ta, tana shawagi tana karatu da rubutu da maganaɗisu. Faifan kwamfutar tafi-da-gidanka yawanci yana juyi 5,400 a minti ɗaya, wato sau 90 kafin ka ƙifta ido ka ce daƙiƙa. A bakin gefensa gudun ya kai wajen kilomita 65 a awa, gudun babur ke nan a kan kwaltar Illela zuwa Gwadabawa. Ratar da ke tsakanin allurar da faifan ba ta kai nanomita 10 ba, alhali silin gashin kai ɗaya yakan kai nanomita 70,000. Da za a kumbura wannan rata ta kai kaurin fallen takarda, da silin gashi ya fi gangar mai kauri. A cikin wannan ɗan sarari ne aka rataye jarin mutum da amanar mutane. Tun 1956 da kamfanin IBM ya fito da na farko, mai faya-fayai 50 kowanne faɗin inci 24, tsarin bai sauya ba, ƙanƙancewa kawai yake yi, ratar kuma tana ƙara matsewa.

Ina da ɗan ƙanwata mai turi. Duk Lahadi yakan ci kasuwar Illela, ya kafa teburinsa da lema da sifika, yamma ta yi ya naɗe ya koma gida. Wata Lahadi wani abokin sana'arsa ya zo da sababbin fassarar Indiya da shirye-shiryen Kannywood masu dogon zango, ya ce ya kwafa. Kwafin ya yi nisa, rana kuma ta yi ƙasa, kuma a wannan zamani babu mai son dare ya yi masa a hanya. Da ma ya daɗe da saita kwamfutar yadda ko ya rufe murfinta ba za ta yi barci ba, dabara ce da kusan duk mai turi ya sani. Sai ya rufe ta tana cikin aiki, ya cusa ta a jakar goyo tare da faifan abokin yana reto a jikin waya, ya ɗora jakar a kan tankin babur don kada ta dame shi a baya. Bai faɗi ba. Bai yi karo da kowa ba. Gargada ce kawai irin ta hanyar ƙauye, da rairayi, da rami ɗaya da bai gani ba sai da ya faɗa. Da ya isa gida ya buɗe, kwafi ya tsaya da saƙon kuskure, amma kwamfuta tana aiki. Ya ce alhamdu lillahi.

Bayan mako biyu ta fara nauyi. Fim ɗin da yake turawa cikin minti ɗaya ya koma minti biyar. Wani fayil in ya taɓa shi sai komai ya daskare. A mako na huɗu ya kunna ta da safe, sai ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana ƙyasta ashana mai sanyi, allo kuma baƙi ƙirin. Ya kira ni yana cewa, "Kawu, wallahi ban kada ta ba, ko sau guda ba ta faɗi ba." Muka ɗauke ta zuwa wajen wani mai gyara a Sakkwato. Mutumin bai ko kunce ta ba, ya kara kunne, ya kashe ta nan take, ya dubi yaron ya ce, "Kai, kwamfutar ga a kunne kake hawa babur da ita?" Yaron ya yi shiru. Fina-finai dai ana sake samu, ko da kuɗi. Abin da ba a sake samu ba shi ne hotunan bikin wasu mutane guda biyu da aka ba shi ajiya don ya haɗa musu da waƙa, aka kuma goge na cikin waya saboda wuri ya cika.

Na san abin da za ka ce, domin ka riga ka faɗa a rubutunka. Ka ce takardun masu ƙera faifan sun nuna yana jure bugu mai ƙarfin G 300 zuwa 400 yana cikin aiki, alhali matuƙin jirgin yaƙi ma 9 yake jurewa da ƙyar. Lambar gaskiya ce, amma ka karanta layi ɗaya ka tsallake sauran. Wannan 300 ko 400 ɗin na bugun da bai wuce kashi 2 cikin 1,000 na daƙiƙa ba ne. Ƙarfin bugu kuma ya danganta ne da yadda abu ya tsaya farat ɗaya, nisan faɗuwa ba shi kaɗai ne ma'auni ba. Faifai tsirara da ya suɓuce daga tsayin taƙi ɗaya ya sauka a kan daɓen siminti zai iya kaiwa wannan adadi, domin siminti ba ya lotsawa. Layi na gaba a takardar yana cewa idan faifan a kashe yake, juriyarsa takan kai wajen 1,000, ninki biyu zuwa uku ke nan, saboda allura ta koma makwancinta a gefe, ba ta saman faifan. Su kansu masu ƙerawar sun bambanta kunne da kashe, kai ne ka ce duk ɗaya. Layin da ya fi damuna kuwa shi ne na jijjiga, wato girgizar da ke ci gaba ba ta tsayawa. A nan adadin da suke rubutawa ga faifan da ke aiki wajen G 1 ne kacal. Ɗaya, malam. Tankin babur mai silinda ɗaya a kan gargada ba wurin da za a yi maganar 1 ba ne.

Sai batun na'urar kariya da ka jingina da ita. Gaskiya ne akwai ta. IBM ya fara sa ta a kwamfutocin ThinkPad a 2003, Apple ya biyo baya a 2005, HP da Dell kowa da irin tasa. Aikinta ta ji kwamfuta ta kama hanyar ƙasa, ta yi maza ta janye allura kafin a dira. Faɗuwa daga tebur tana ɗaukar ƙasa da rabin daƙiƙa, kuma wannan ya ishe ta. Amma bugun da ya zo daga ƙasa ba sallama, irin na ramin hanya ko na wanda ya dangwarar da ita a kan benci, ba ya ba da wannan lokaci. Kafin na'urar ta farga an gama. Ta ThinkPad ma an yi mata saitin da take kau da kai daga ƙananan jijjiga masu maimaituwa, irin na mota ko jirgin ƙasa, don kada aiki ya riƙa tsayawa. Babbar matsalar kuma ga ta: a yawancin waɗannan kwamfutoci na'urar ba ta aiki sai da manhajarta. Kwamfutar gwanjo kuwa kafin ta iso Tozai an yi mata fomatin sau nawa? Yaron shago ya ɗora mata Windows daga filas ɗinsa, ya ga sauti na fita, intanet na kamawa, ya ce ta yi. Wa zai tsaya neman manhajar wata na'ura da mai saye bai san da zamanta ba? Ƙananan kwamfutoci masu araha da yawa ma ba a taɓa sa musu ita ba tun daga masana'anta. Faifan waje kuma, wanda masu turi ke tara dukiyarsu a ciki, galibi ba shi da mai tsaron ƙofa ko kaɗan, ga shi kullum yana reto a bakin tebur, yaro ɗaya ya ja waya an gama.

Don ka san yadda abin nan yake da tsarguwa, ko taɓa shi ba sai an yi ba. A ƙarshen 2008 wani injiniya na kamfanin Sun Microsystems, Brendan Gregg, ya sunkuya ya kwarma ihu a gaban jerin faya-fayai a ɗakin ajiyar bayanai, na'urar awo ta nuna nan take aikinsu ya yi jinkiri. A watan Satumban 2016 bankin ING a Bukares ta ƙasar Romaniya ya gwada na'urar kashe gobara, ƙarar fitar iskar ta lalata faya-fayai da yawa, harkokin bankin suka tsaya na wajen awa 10. A watan Agustan 2022 kuma Raymond Chen na Microsoft ya ba da labarin yadda a zamanin Windows XP aka gano waƙar Janet Jackson mai suna Rhythm Nation tana sumar da wasu kwamfutoci masu faifan juyi 5,400, har da na kusa waɗanda ba su ke kunna waƙar ba, saboda wani amo a cikinta ya dace da amon da faifan ke karkarwa da shi. Duk sanda na tuna wannan sai na tuna teburin ɗan ƙanwata, inda ƙatuwar sifika ke zaune kafaɗa da kafaɗa da kwamfuta tun hantsi har la'asar, tebur na rawa, kofin shayi na tafiya da kansa.

Hujjarka ta ƙarshe ita ce ta fi kowacce rauni, ko da yake ita ce mutane za su fi saurin ɗauka: na daɗe ina yi, ba abin da ya faru. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Kai kana tafiya a kan kafet, taku 20, da kwamfutar da wataƙila SSD ce a cikinta, wadda ba ta da abin da ke motsi. Ko da mai faifai ce ma, ɓarnar ba ta cika zuwa da shela ba. Idan allura ta ɗan goga faifan, takan kankare wani ɗan wuri, ta tayar da ɓurɓushi a cikin akwatin da yake rufe. Faifan yana da wayo, sai ya yi shiru ya ƙaurar da bayanan wurin da ya lalace zuwa wasu gurabe da aka tanada, mai kwamfuta bai sani ba. Ɓurɓushin nan kuma yana ciki yana yawo, gobe ya shiga ƙarƙashin allura ya sake jawo wata gogar. Haka ake yi har guraben ajiya su ƙare. Ranar da ta mutu, an yi wata guda da mantawa da ramin da ya jawo, sai a ɗora wa wutar janareta, ko bairos, ko a ce mai shago ya sayar da ruɓaɓɓiya, ko a ce baki ne. A 2007 injiniyoyin Google sun fitar da nazarin faya-fayai sama da 100,000 na ɗakunan ajiyarsu. Waɗannan ba a hawa babur da su, don haka nazarin ba a kan motsi yake ba, amma ya nuna abu biyu da suka shafe mu. Faifan da aka taɓa samun tabo ɗaya a fuskarsa ya ninka lafiyayye sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Sannan kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama ba a na'urar da ke lura da lafiyarsu. Wato shirun kwamfuta ba shaidar lafiya ba ne.

Inda nake tare da kai shi ne, ba kowane motsi ne haɗari ba. Wanda ya ɗaga kwamfutarsa da hannu biyu, a kwance, ya taka a hankali daga zaure zuwa inuwar darbejiya ya ajiye ta a kan tabarma kamar mai ajiye ƙwaryar nono, bai yi laifin komai ba. Masu cewa ko numfashi kada a yi kusa da ita sun wuce gona da iri, kuma da nan ka tsaya da ban ɗauki alƙalami ba. Amma ka kawo misalin iPod, ka ce tun 2001 mutane ke gudun motsa jiki da faifai mai juyawa a aljihu. Ka manta dabarar da aka yi masa. Yakan kwaso waƙoƙin kusan minti 20 ya zuba a ma'ajiyar da ba ta motsi, sannan faifan ya tsaya cik. Yawancin gudun da ake yi da shi, faifan barci yake. Misalin naka ni ya taimaka.

Rufe murfi ma da kake gani kamar ya wadatar, yana da sharaɗi. Kwamfuta ba ta yin barci a daidai lokacin da murfi ya sauka. Takan ɗauki 'yan daƙiƙu tana kammala rubutu, idan kuma dogon barci za ta shiga, sai ta juye duk abin da ke ƙwaƙwalwarta a kan faifan, wanda a tsohuwar na'ura kan kai rabin minti ko fiye. Wannan ɗan lokaci shi ne faifan ya fi kowane lokaci aiki, kuma shi ne daidai lokacin da mai gaggawa ke fizgarta ya jefa a jaka. Wata kuma takan farka da kanta a cikin jakar. A watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato ke haura digiri 40 a inuwa, kwamfutar da ke aiki a cikin baƙar jaka a kan tankin babur ba ta da inda za ta fitar da zafinta, faya-fayan kuwa iyakarsu digiri 55 zuwa 60.

Ka ce mafita mai sauƙi ce, kowa ya sa SSD. Na yarda ita ce magani, kuma duk wanda ya tambaye ni haka nake ce masa, musamman mai yawo ƙauye-ƙauye. Amma mai turi yana bukatar wuri mai faɗi, terabayit ɗaya ko biyu, kuma a wannan girma har yanzu faifai mai juyawa ya fi araha nesa ba kusa ba, balle na hannu. Mutumin da ke karɓar 'yan canji a kan kowane fim, ga kuɗin caji, ga kuɗin mai, ga ciniki da ya ja baya duk lokacin da aka rufe iyaka, kamar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, ba za ka ce masa ya je ya sayo kawai ba. Abin da yake da iko a kai kyauta ne: ya bar kwafi ya ƙare ko ya soke shi, ya kashe kwamfutar, ya tsaya har fitilunta su mutu, ya ɗora tafin hannu a jikinta ya ji gurnanin ya ɗauke, ya zare faifan waje ya naɗe shi daban a cikin tsumma, jakar kuma ta hau bayansa, inda jikinsa zai shanye gargadar. Duka-duka minti ɗaya ne. Wannan mintin ne rubutunka ya ce masa ɓata lokaci ne.

Mai gyaran nan na Sakkwato ya gaya mana gaskiya, ya ce ciro bayanai daga faifan da allurarsa ta ci fuska sai a ɗaki na musamman wanda ƙura ba ta shiga, kuma kuɗin aikin zai sayi irin kwamfutar yaron fiye da ɗaya. Ya ce kada mu bari wani ya ruɗe mu da sa shi a firji ko bubbuga shi. Da muka haƙura, sai ya kunce shi a gabanmu don yaron ya gani. Faifan yana sheƙi kamar madubi, sai wani zobe siriri fari-fari da ya kewaye shi kusa da baki, da ɗan gari a kan matatar da ke kusurwa. Ya nuna garin da bakin sukudireba ya ce, "Ga hotunan bikinku nan."

Ɗaya daga cikin masu bikin ya haƙura tun a ranar. Ɗayan har yanzu duk Lahadi sai ya biyo ta teburin yaron ya tambaya ko an dace.